Akwatin NAS, kwamfutar tokumbo, ko faifai biyu a durowa: ina ya kamata ka ajiye hotuna da bidiyonka?

Wani abokina mai ɗaukar bidiyon biki ya kira ni wata Asabar da la'asar, muryarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Faifan ajiyarsa, had-dis ɗin da yake yawo da shi a jaka, ya zame daga kan tebur yana tsakiyar aiki. Teburin ma bai kai ƙugu ba. Da ya sake jona shi sai ya ji yana ƙas-ƙas-ƙas, kwamfuta kuma ta nuna ba ta taɓa saninsa ba. A ciki akwai bukukuwa huɗu da bai tace ba, tun daga kamu har kai amarya, katin kyamara kuwa ya riga ya goge don wani aikin. Kuɗin faifan ba su ne suka dame shi ba. Abin da ya hana shi barci shi ne da wane ido zai kalli uwar amarya ya ce mata babu. Ɗaurin aure ba a maimaita shi.

Tun daga ranar yake damuna da maganar saba. Ya ga Turawa a YouTube suna da wani akwati a lungun ɗaki, komai nasu yana ciki, sai ya yanke cewa maganinsa ke nan. Sabar gida dai kwamfuta ce da ke zaune wuri ɗaya a kunne, da manyan faifai a cikinta, an jona ta da rawutar gida, ta yadda waya da laftof da talabijin duk za su iya zuba mata kaya su kuma ɗauka. Abu ne mai kyau. Amma kafin ka cire ko kwabo, ka raba buƙatu biyu da mutane ke cakuɗawa. Ta farko, kana son wuri guda da kowa zai sami fayil ba tare da yawo da filash ba. Ta biyu, kana son kwafin ko-ta-kwana, wanda zai cece ka ranar da na hannunka ya mutu. Saba tana biyan ta farko sarai. Ta biyu kuwa ba ta biya ita kaɗai, domin ita ma akwati ɗaya ce a ɗaki ɗaya, kan soket ɗaya.

Sai kuma ka san yawan kayanka. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabayit 45 a awa ɗaya. Kyamara biyu, biki na kwana uku, ka tashi da rabin terabayit ba ka sani ba. Hoton RAW na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabayit 25 zuwa 30. Amma gidan da abin da suke da shi hotunan waya ne, da bidiyon suna da na sauka, da karatuttukan malamai da aka tara shekara da shekaru, da wuya su haura terabayit ɗaya ko biyu. Waɗannan mutane biyu ba takalmi ɗaya za su sa ba. Ka kuma sani cewa faifan da aka rubuta wa TB 4, Windows zai nuna maka kusan 3.63 ne. Ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta.

Faifai biyu, ba saba

Wannan ita ce hanyar da masu sha'awar na'ura ke rainawa, ni kuwa da ita nake fara ba kowa shawara. Ka sayi faifan waje guda biyu masu girma ɗaya. Ɗaya na aiki, ɗaya na kwafi. Duk mako ka jona na biyun, ka bar manhaja kyauta irin FreeFileSync ta kwafe abin da ya ƙaru, ka cire shi ka mayar durowa.

Alherinta a wurinmu babba ne. Ba ta cin wuta sai lokacin da ka jona. Tsawar farkon damina ba ta kaiwa ga faifan da ba ya jikin soket, haka wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi, haka masu kutse. Ba sai ka koyi komai ba. Aibinta ɗaya ne, kuma kai ne: ranar da ka ce "gobe na kwafa", daga nan goben ta zama wata uku. Sannan ba za ka kwanta a falo ka buɗe bidiyon a talabijin ba sai ka ɗauko faifan, kuma hotunan wayoyin mutanen gida ba za su shiga da kansu ba. Ƙananan faifan aljihu, masu inci 2.5, ba su cika wuce TB 5 ko 6 ba, kuma su ne suka fi faɗuwa saboda su ake yawo da su. Manyan, masu inci 3.5, suna da nasu adafta, suna zaune wuri ɗaya.

Akwatin da aka gama haɗawa

NAS akwati ne da kamfani ya ƙera don wannan aikin kaɗai. Ka zura faifai biyu ko huɗu, ka jona waya, ka buɗe shafinsa a burauza, ya yi ta tambayarka kana amsawa. Sunayen da suka daɗe a harkar su ne Synology da QNAP, dukansu na Taiwan, sai Asustor da TerraMaster, sannan UGREEN da ya shigo a 2024 da na'urori masu ƙarfi a farashi mai sauƙi. Abin da kake biya a Synology ba ƙarfen ba ne, manhajarsu ce mai suna DSM. Samfurin DS224+, mai gurbin faifai biyu, furosesa Celeron ce a ciki da RAM na gigabayit 2 kacal, abin da ko laftof ɗin ɗalibi ya fi shi. Amma a ciki akwai manhajar da ke janye hotuna daga wayoyi da zarar sun hau Wi-Fi na gida, da wadda ke kwafe komai zuwa faifan waje a lokacin da ka tsara, da saƙon da zai turo maka idan faifai ya fara ciwo. Yana aiki yana cin kusan wat 15, in faifan sun yi barci ya sauka ƙasa da 5.

Inda take ciwo: akwatin fanko ake sayar da shi, faifai daban, kuma duka da dala ake lissafinsu. Idan adafta ko allon cikinsa ya ƙone, ba abin da za ka shiga Farm Centre ko Beirut Road a Kano ka samu a take ba ne. Sai dai a yi oda daga Computer Village a Ikeja, ko daga waje, ka jira. Sannan kana ƙarƙashin ra'ayin kamfani. A 2024 Synology ya cire manhajar kallon bidiyo ta Video Station daga sabon DSM. A 2025 kuma ya ce sababbin samfuransa na Plus sai da faifan da shi ya amince da su, mutane suka yi ca, ya janye kafin ƙarshen shekarar. Ya janye, amma ka ga inda zuciyarsa take.

Ka haɗa da kanka

Nan ne maganar ta yi rassa, domin "tsohuwar kwamfuta" ba abu ɗaya ba ce.

Akwai tsohuwar gaske, irin Pentium 4 ko Core 2 Duo da ke cin ƙura a sito. Kyauta ce, shi ya sa take da jan hankali, amma tana zaune ba ta komai tana shan wat 60 zuwa sama. Zan dawo kan abin da wannan ke nufi. A taƙaice, ka bar ta a siton.

Akwai kwamfutocin ofis na tokumbo, Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda suka cika kasuwanninmu. Masu furosesa Intel zubi na 6 zuwa na 8 suna zama a kan wat 10 zuwa 20 kafin a ƙara faifai. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 yake farawa, don haka ofisoshin Turai da Amurka suna ta sallamar na ƙasa da haka. Mu kuwa ba Windows za mu sa ba, ko a jikinmu. Ka nemi zubi na 7 zuwa sama idan kana son kallon bidiyo, domin daga nan ne sashen Quick Sync na Intel ke iya sarrafa bidiyon HEVC irin na wayoyin zamani ba tare da na'urar ta yi gumi ba. Kafin ka biya, a buɗe maka murfin ka ƙirga gurbin faifai da ramukan SATA, wato inda ake jona faifan a allon kwamfutar. Siraran gidaje da yawa babban faifai ɗaya kawai suke ɗauka, mai tsayin kuma biyu ko uku. Kayan gyaransu kuwa ko'ina akwai, kuma duk mai gyaran kwamfuta ya san cikinsu. A ganina wannan ita ce babbar fa'idarsu a kan NAS.

Akwai 'yan ƙananan sababbi masu furosesa N100 da Intel ya fitar a 2023, girman tafin hannu, ƙasa da wat 10. Matsalarsu babu wurin babban faifai, sai ka jona ta USB, wayoyi su yi ta rarrafe a tebur, yaro ya ja ɗaya. Haka Raspberry Pi 5, wanda ya fito a ƙarshen 2023: abin wasa ne mai daɗi ga mai son koyo, amma in ka haɗa kuɗin allon da adafta da gida da fanka da abin jona faifai, ka kai kuɗin OptiPlex, kuma ba ya iya sauya tsarin bidiyo yadda ya kamata.

Sai tsohon laftof, wanda mutane ke mantawa da shi. Yana da wani abu da sauran ba su da shi: batir a jikinsa. An ɗauke wuta, bai sani ba. Idan ƙaramin faifan USB ne a jikinsa, shi ma yana ci daga batirin. Ga mai TB 2 zuwa 4, wannan saba ce mai mutunci. Ka dai riƙa duba batirin, domin zama a caji dare da rana cikin zafi yana kumbura shi.

Manhajar da za ka ɗora ita ma zaɓi ce. OpenMediaVault kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma faifanta na Linux ne na yau da kullum, wato babbar manhajar nan ta kyauta da ake sawa maimakon Windows, in na'urar ta mutu ka ciro shi ka karanta a wata. TrueNAS, wadda a da ake kira FreeNAS, ita ma kyauta ce, tana amfani da tsarin ZFS da kamfanin Sun ya ƙirƙira. ZFS yana lissafa wa kowane gutsuren fayil hatimi, ya riƙa dubawa, in wani ya lalace a faifai ɗaya ya gyara shi daga ɗayan. Ba ya kuma rubutu a kan tsohon bayani sai sabon ya kammala, abin da ke sa ya fi jure ɗaukewar wuta. Sai dai yana son RAM aƙalla gigabayit 8, ba ya son faifan USB, kuma in ya rikice ba kowane mai gyara ne zai gane kansa ba. Unraid ta kuɗi ce, daga dala 49, amma tana barinka ka haɗa faifai masu girma daban-daban, ka ƙara ɗaya bayan ɗaya yadda aljihu ya ba da hali. Ga wanda ba zai iya sayen huɗu a tashi ɗaya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wuta ce alƙali

Masu bidiyon da abokina ya kalla ba sa maganar wuta, domin ba a ɗauke musu. Mu a nan ita ce ke yanke hukunci, don haka mu yi lissafi.

Na'ura mai wat 15, a kunne dare da rana, tana cin yunit kusan 11 a wata. Mai wat 60 tana cin 43. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai yunit na 'yan Band A naira 225, daga baya aka ɗan sassauta zuwa sama da 200 kaɗan. Mu ɗauka 210. Ta farkon naira 2,300 ke nan a wata, ta biyun 9,000. A shekara bambancin ya kai naira 80,000. Kwamfutar kyauta ta fara karɓar haya.

Amma yawancinmu ba mita ce damuwarmu ba, batir ne. Batirin inbata na 200Ah mai bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, kuma in irin mai ruwa ne rabi ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Kwamfuta mai wat 60 za ta cinye 720 a dare ɗaya na awa 12, ban da abin da inbatar kanta ke ɓatarwa. Wato ta cinye rabon fanka a watan Afrilu, kuma ka san wanda uwargida za ta ce a kashe. Mai wat 15 kuwa 180 za ta ci.

Ga wani abu da na daɗe kafin in yarda da shi: ba dole ba ne saba ta kwana a kunne. NAS da yawancin kwamfutocin ofis suna da tsarin kunna kansu da kashe kansu a kan lokaci. In kana da sola, ta tashi da hantsi lokacin da rana ta yi ƙarfi, ta kwashi hotunan wayoyi, ta yi aikinta, ta kwanta bayan isha'i. Kunnawa da kashewa sau ɗaya a rana cikin tsari ba ya kashe faifai. Abin da ke kashe shi, ko ya lalata abin da ke ciki, shi ne a fizge wuta yana tsakiyar rubutu, ko a dawo da ita da hauka.

Saboda haka UPS, ƙaramin akwatin batir da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, ba ado ba ne, cikin kuɗin saba yake. Kuma ba girmansa ne abin dubawa ba, ramin USB ne. Ta wannan ramin yake gaya wa sabar cewa an ɗauke wuta, ita kuma ta rufe fayilolinta ta kashe kanta kafin batirin ya ƙare. UPS marar wannan ramin jinkirta faɗuwar kawai yake da minti goma, in ba ka gida. Ka kuma gwada shi da janaretanka, domin wasu masu araha ba sa karɓar wutar ƙaramin janareta, sai su yi ta ƙyas-ƙyas har su mutu. Wasu kan ga adaftar NAS bolt 12 ce sai su jona shi kai tsaye da batirin sola. Kada ka yi. Batir yana haura 14 lokacin caji, faifai kuwa ba ya son wannan hawa da saukar.

Zafi da ƙura su ne na biyu. Masu ƙera faifai sukan rubuta iyakar digiri 60 zuwa 65, amma wanda ke son nasa ya daɗe yana riƙe shi ƙasa da 45. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda iskar waje ma ke haura 40 a bazara, wannan sai da dabara: ɗakin da ya fi sanyi, sama da ƙasa, nesa da taga, ba cikin kabad a rufe ba. Kuma don Allah kada a lulluɓe ta da ƙyalle yadda muke yi wa talabijin. Da hunturu a riƙa kashe ta ana hure ƙurar fankarta duk wata. Kyankyasai ma suna son ɗumin ciki.

Faifan ya fi akwatin muhimmanci

Akwati in ya mutu ka sayi wani. Faifai in ya mutu da kayanka ya tafi, don haka nan ne ba a neman araha.

Iri biyu ne a yadda suke rubutu. CMR yana jera layukansa kowanne a filinsa. SMR kuwa yana jera su kamar kwanon rufi, gefen wannan ya hau gefen wancan, don a sami ƙarin wuri. Ka san in za a canza kwano ɗaya a tsakiyar rufi sai an ɗaga na kusa da shi. Haka SMR yake: zuba kaya a ajiye ba laifi, amma dogon rubutu irin na saba yana sa shi rarrafe. A 2020 aka gano Western Digital yana sa SMR a wasu faifan WD Red ba tare da ya faɗa ba, har aka kai shi kotu, daga nan ya fito da Red Plus a matsayin na CMR. Don saba, ka nemi Red Plus, ko IronWolf na Seagate, ko N300 na Toshiba. In ba ka samu ba, WD Purple da ake sa wa kyamarorin tsaro ya fi yawa a kasuwarmu, kuma zai yi.

Tokumbon faifai kuwa sai da bincike. Ka je da laftof ɗinka da manhajar CrystalDiskInfo, ka duba awa nawa ya yi yana aiki, da ko yana da gurabun da suka lalace aka sauya. In ta nuna ruwan ɗorawa, ka ajiye musu abinsu. Ko wannan ma ba tabbas ba ne ɗari bisa ɗari: a farkon 2025 jaridar fasaha ta heise a Jamus ta bankaɗo tsofaffin faifan Seagate da 'yan damfara suka goge wa lissafin awa suka sayar a matsayin sababbi. Sannan duk sabon abin ajiya, ka cika shi taf da manhajar H2testw kafin ka yarda da shi. Ni kaina na taɓa sayen filash da aka rubuta wa terabayit ɗaya, ashe abin da yake riƙewa bai kai giga 30 ba, sauran yana karɓa yana zubarwa. In ka ga SSD na TB 16 a kuɗin cefanen kwana biyu, araha ba ta ado. In biyu za ka saya, ka saye su a wurare daban, don kada su zama 'yan ɗaki ɗaya masu ciwo ɗaya.

Yanzu maganar RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, inda mutane suka fi ruɗuwa. A NAS mai faifai biyu, abin da aka saba shi ne madubi: duk abin da aka rubuta a wannan, a rubuta a wancan. Faifai biyu na TB 8 sun ba ka TB 8 ke nan, ba 16 ba. In ɗaya ya mutu aiki bai tsaya ba. Amma madubi ba ya gardama. Ka goge babban fayil bisa kuskure, ya goge a duka biyun a daƙiƙa ɗaya. Ɓarawo ya ɗauki akwatin, ya ɗauki duka biyun. Abin da ke rage kaifin kuskure shi ne tsarin da ZFS da Btrfs, wani tsarin faifai irinsa, suke da shi na adana hoton yadda fayiloli suke jiya da shekaranjiya, ka iya komawa baya. Ka kunna shi. RAID 5 kuwa, mai faifai uku ko huɗu, ni ba na son sa a inda wuta ba ta tsayawa, domin in ɗaya ya mutu sake ginawa kan ɗauki yini guda ko fiye, sauran faifan suna aiki ba hutu, kuma a wannan tsakanin ba ka da wata kariya.

Kwafin da ba ya kwana a gidanka

Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Na ƙarshen nan ne ake sakaci da shi. Wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ya san cewa ruwa ba ya tambayar faifai nawa ne a akwatinka. Gobarar kasuwa ma haka.

Turawa sukan cika wannan sharaɗi da ma'ajiyar intanet. Mu ma za mu iya, amma da awo. Google yana ba da giga 15 kyauta da Gmail da Drive da Photos ke rabawa, ya daina ajiyar hotuna mara iyaka tun 1 ga Yuni 2021, kuma daga farkon 2024 kwafin WhatsApp na wayoyin Android ya shiga cikin wannan 15 ɗin. Apple giga 5 yake bayarwa. Ko ka biya kuɗin wata, ɗorawar ce aiki: terabayit ɗaya a kan layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki kwana tara ba tsayawa, ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. A kan wayar rawuta ta gigabit a cikin gida kuwa, wannan terabayit ɗin awa biyu da rabi ne. Don haka intanet na zaɓaɓɓu ne: takardun gida da na makaranta, hotunan iyaye, bidiyon da aka gama tacewa. Masu tura wa kansu kaya a Telegram, ba laifi a matsayin ƙari, amma babu wanda ya yi maka alkawarin zai riƙe maka su. WhatsApp kuwa matse hoto yake ya rage masa kyau, sai in a matsayin takarda ka tura.

Sauran tulin, mafita ita ce faifai na uku a gidan mahaifiya ko yayarka a wata unguwa, kana sabunta shi duk wata. Sai dai ka kulle shi da kalmar sirri ta manhajar BitLocker ko VeraCrypt. Bidiyon kamu da na lalle hotunan matan mutane ne a cikin gida, amana ce a hannunka, bai kamata duk wanda ya tsinci faifan ya buɗe ba. Kalmar sirrin kuma ka rubuta a takarda ka ba wanda ka yarda da shi, domin in ta ɓace babu bokan da zai buɗe, kuma rai ba a hannunmu yake ba.

Kallo, da shiga daga nesa

Don kallo a talabijin, manhajojin Plex da Jellyfin ne ke gaba. Plex ya fi sheƙi, amma yana son ka shiga ta asusunsu a intanet, kuma tun Afrilun 2025 kallon kayanka daga wajen gida ya koma na kuɗi. Jellyfin kyauta ne, kuma ko data ta ƙare yana aiki a Wi-Fi na gida. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili. Don hotunan waya akwai Immich, mai kama da Google Photos amma a gidanka.

Shiga daga nesa kuwa, ka yi hankali. A Afrilun 2021 manhajar garkuwa da fayil mai suna Qlocker ta kulle na'urorin QNAP da ke buɗe ga intanet, a Janairun 2022 DeadBolt ta sake, ana neman kuɗin fansa da bitcoin. A Yunin 2021 masu tsofaffin My Book Live na Western Digital suka wayi gari an share musu komai daga nesa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada ka buɗe wa sabarka ƙofa a rawuta, ka kashe UPnP, saitin rawuta da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa. Da ma layukan waya da Starlink sukan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, buɗe ƙofar ma ba ya aiki. Tailscale yana haɗa wayarka da sabar ta ɓoyayyar hanya, kyauta ga amfanin gida, kuma yana ratsa wannan matsalar.

To wanne?

In kayanka ba su kai TB 2 ba kuma kai kaɗai ne, faifai biyu sun ishe ka, ragowar kuɗin ka sayi na uku. In gida ne mai wayoyi shida da ake ta kukan "memori ya cika", kuma babu mai sha'awar Linux, NAS mai gurbi biyu da UPS mai USB. In akwai mai hannu a gidan, OptiPlex ko EliteDesk na tokumbo da OpenMediaVault zai yi aikin a kuɗi ƙasa da haka, kayan gyara kuma a bakin titi. Amma ka tambayi kanka wa zai taɓa ta ranar da mai hannun ya tafi bautar ƙasa. Shagon tace bidiyo mai mutum biyu ko uku a kan aiki ɗaya shi ne wanda saba ta zama wa dole, kuma su nemi mai ramin waya na gigabit 2.5, su ja waya, kada su dogara da Wi-Fi. Kowanne ka zaɓa, wata rana ka ɗauko kwafin ka buɗe bidiyo biyu-uku ka kalla har ƙarshe, ka tabbatar abin da kake zaton kana da shi yana nan.

Abokina dai biyu daga cikin bukukuwan nan an samo su, bayan ya biya mai ceto fayil kuɗin da ya fi na sabon faifai. Biyun kuwa sai haƙuri da mayar da kuɗi. Yanzu yana da manyan faifai uku da ƙarin katin kyamara huɗu, kuma ba ya goge kati sai aikin ya shiga wuri biyu. Duk Juma'ar ƙarshen wata, in an sauko daga masallaci, yana biyawa gidan Hajiyarsu da faifai ɗaya a aljihun babbar riga, ya ɗauko wancan. Sabar har yau bai saya ba, ya ce sai ya ƙara batir.